Motar da Ba a Turawa

Na san abin da kuka taso kuna ji game da mahaifinku. Kun ji shi a bakin dangi a Argungu, kun ji shi a gidan suna da gidan biki, wani lokaci da dariya, wani lokaci a raɗe idan an ga kun shigo. An ce muku zuwa Amurka ne ya juya masa kai, an ce girman kai ne ya cinye masa gona da uwa. Ƙananan cikinku ba ku san shi ba sai a matsayin dattijon da ke zama bakin zaure yana kallon ƙasa, wanda ko a-kori-kura ta wuce ba ya ɗaga ido. Ni na san shi tun yana da dariya mai cika gida. Don haka nake so in rubuta muku yadda abin ya kasance, tun idona yana iya bin layin takarda.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ba ta kai haka ba, unguwarmu Badariya ma gidajenta tsilli-tsilli ne tsakanin gonaki. Mahaifinku Ummaru malami ne mai koyar da gyaran mota a makarantar sana'a. Da gwamnati ta ɗebi matasa zuwa ƙasashen waje koyon aikin hannu, abokansa aka kai su Turai, shi kuwa sunansa ya faɗo a Amurka. Ya bar ni da yayanku Aminu a goye, ya dawo ya tarar da yaron yana gudu a tsakar gida. Bai dawo da shan taba ba, bai bar salla ba, bai raina tuwona ba. Abu ɗaya ya dawo da shi, wato tunanin mota. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ina tsince shinkafa, yana yi mini bayani kamar ina cikin ajinsa.

"Kulu, Baturen Turai garinsa tsoho ne, hanyoyinsa lunguna ne kamar na cikin gari, ga mai da tsada kamar turare. Dole ya ƙera 'yar ƙaramar mota, ya matse kansa ciki, ya riƙa sa giya da hannu don ya tsimi mai. Ba'amurke kuwa ƙasarsa faɗi gare ta, sai ka wuni kana tafiya ba ka ga gari ba. Mai gare shi arha, ga iyali, ga kaya. Shi abin da yake nema mota mai faɗi, mai taushi, mai sanyi, wadda ke sa giya da kanta. To dubi ƙasarmu. Daga nan zuwa Kano tafiya ce ko wasa? Man nan daga ƙasarmu yake fita. Kowane magidanci da mutanen da suka cika tabarma biyu. Cikin su biyun, wa munka fi kama da shi?"

Na ce masa da na Amurka muka fi kama, kuma ba don in faranta masa na faɗa ba. Har yau in na auna maganar sai in ga da gaskiya a cikinta. Burinsa shi ne ya ajiye koyarwa, ya shigo da irin waɗannan motoci, ya buɗe wurin saida su da gyara su a Birnin Kebbi, ya zama shi ne ya fara. Abin da zai yi jari da shi kuwa rabonsa ne na fadamar shinkafa da mahaifinsu ya bari a Gulma. Sai muka tafi Gulma gaban mahaifiyarsa, Inna Ige, aka kira wansa Alhaji Manu daga Argungu. Alhaji Manu ɗan kasuwa ne na shinkafa da albasa, yana da motocin Faransa da ke jigilar mutane tsakanin Argungu da Sakkwato, yana kuma da tasa ta hawa. Ya saurari ƙanensa har ya gama, sannan ya gyara zama.

"Ummaru, kai ka karanci mota, ni mutane nike saida ma kaya. Mutuminmu ran da zai sai mota, ranar saida ta yake tunani. Ba ya tambayar taushin kujera. Tambayarsa ita ce, in ta lalace mashi a Kangiwa, wa zai gyara? In fulogi ya mutu, akwai shi a kasuwar Argungu? Turawan nan na Faransa sun riga ka, kowane bakanike na gindin itace ya haddace motarsu. Kada ka taɓa fadamar nan."

"Yaya, ita ma motar Faransa akwai ranar da ba a san ta ba. Wani ne ya fara kawo ta."

Suka yi ta ja har muryoyi suka tashi. Inna tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana kaɗi, har ta ga abin zai wuce magana. Ba ta kiran sunan Alhaji Manu saboda ɗan fari ne, sai ta dube shi kawai.

"Kai, bar shi. Ya tai inda ba mu tai ba, ya ga abin da ba mu gani ba. Rabon nan nashi ne. Ummaru, Allah ya sa albarka."

Aka saida fadamar, ya ajiye aiki, ya tafi Ikko ya jira jirgin ruwa. Ranar da motocin suka shigo Birnin Kebbi mutane suka biyo su daga tasha har ƙofar gidanmu. Guda uku ne. Ɗaya ta ɗaukar kaya ce mai buɗaɗɗen baya, ita wani ɗan kwangila ya saye ta tun kafin a wanke ta, muka ɗauka an fara ke nan. Sauran biyun dogaye ne, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya shuɗiya, gabansu kamar gadon sarauta, bayansu kamar ɗaki. Kujerar gaba mutum uku take ɗauka ba wanda ya taɓa wani. Gilashin ƙofa maɓalli ake dannawa ya sauka da kansa. Ummaru ya ɗauki shuɗiyar ya je Gulma ya ɗauko Inna, ya zaga da ita gari, ta dawo tana dariya tana cewa wannan ai ko haihuwa a yi a ciki. Ban taɓa ganinsa da farin ciki kamar na wannan mako ba.

Masu kallo ba su taɓa yankewa ba, masu saye ne ba su zo ba. Mutum zai zo da babbar riga, ya shiga, a kunna masa sanyi, ya lumshe ido, ya yaba, ya yi addu'a, bayan kwana kaɗan mu gan shi ya wuce a sabuwar motar Faransa. Ma'aikatan gwamnati kuwa rancen motarsu an ɗaure shi da irin motocin da ake haɗawa a cikin ƙasa, ko suna so ba dama. Akwai wani Alhaji daga Gwadangaji da ya yi ta zuwa har muka sa rai. Ranar ƙarshe ya zauna a mazaunin direba, ya leƙa ƙasa yana lalube da ƙafa.

"Malam Ummaru, ina kulocin?"

"Ba ta da shi, Alhaji. Ita ke sa giya da kanta."

"To ni mi ne aikina? Ƙafata ta hagu in kai ta ina?"

Aka yi dariya, shi ma Ummaru ya yi. Alhajin ya fita ya durƙusa ya dubi ƙarƙashin motar, ya ga yadda yake kusa da ƙasa, ya ce gonarsa ba a kan kwalta take ba, ya yi sallama. Da ya tafi Ummaru ya shigo gida ya zauna, ya ce mini a Amurka tsohuwa ma tuƙa wannan motar take, a nan namiji yana ganin in bai yi kokawa da giya ba bai yi tuƙi ba. Ya ce a can mutum jin daɗin yau yake saye, in ta tsufa ya canza wata, a nan kuwa mota kamar saniya ce, dukiya ce da ake ajiyewa don ranar buƙata. Ya fara gane abin, amma ya gane shi bayan fadama ta tafi.

Sai kuma zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, aka hana shigo da kaya sai da izini, izinin kuwa ba irin su Ummaru ke samunsa ba. Mai da muke cewa arha ya fara wuya, ana kwana a layi, motar da ke shan rabon motoci biyu ta zama abin tsoro. Wani ƙaramin ƙarfe ya lalace a shuɗiyar, ya neme shi Sakkwato, ya neme shi Kano, ya rubuta wa abokansa na Amurka, shiru. Ya ciro na ruwan ƙasar ya sa mata. Daga nan ruwan ƙasar ta zama abincin 'yar'uwarta, yau a cire wannan, gobe a cire wancan, har aka ɗora ta kan duwatsu kaji suna ƙwai a ciki. Garejin ya koma gyaran motocin Faransa da na Jamus kamar na kowa, shi ma ba ciniki sosai, don mutane sun fara cewa Ɗan Amurka ba ya jin shawara. Ni na fara turara shinkafa ina kaiwa kasuwa. Ba mu kwana da yunwa ba, amma dariyar nan ta bar gidan.

A tsakiyar damina, wata safiya an kwana ana ruwa, wani mutumin Gulma ya yi sallama jiƙe sharkaf. Ya ce Inna ce ba lafiya, amai da gudawa tun jiya, ba ta iya zama. Ya ce ya biya Argungu bai samu mota ba, shi ya sa ya hawo babbar mota zuwa nan. Ummaru bai tsaya tambaya ba. Na miƙa ku ga maƙwabciyarmu Maman Talatu, mutuniyar Filato da mijinta ke aikin ruwa, na ɗauki zane da buta muka shiga shuɗiyar. Kun ji ana cewa an ba shi wata mota ya ƙi don yana son a gan shi. Ba wanda ya ba shi. Ina tsaye a wurin. Ita ce kaɗai motar da ke gabanmu, kuma ta kai mu Gulma lafiya.

Mun tarar da Inna idonta ya faɗa, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Muka kwantar da ita a kujerar baya, ta miƙe sosai, na ɗora kanta a cinyata. Abin da take buƙata ƙarin ruwa ne a asibitin Argungu, kuma Argungu ba nisa. Amma tsakanin shigarmu da fitarmu fadama ta ƙara cika. Akwai wani kwari da ruwa ke tsallake hanya, da zuwa mun ratsa shi bai kai rabin taya ba, da dawowa ya zama wani abu dabam. Ummaru ya tsaya ya dube shi, ya waiwayo ya dubi uwarsa, ya yi bisimilla ya shiga. Mun kusa fita sai injin ya yi tari ya mutu. Ya murɗa makulli, ta yi kuka ba ta tashi ba. Ya sake, ya sake, har kukan ya fara ja, har ya koma ɗan ƙyas-ƙyas. Ya fita cikin ruwa ya buɗe gaba, ya cire rigarsa ya goge duk abin da ya jiƙe, ya dawo ya murɗa. Batir ya riga ya ƙare. Zafi ya cika motar, na danna maɓallin gilashi, ko motsi bai yi ba. Sai ƙofofi muka buɗe, ruwa yana lasar ƙafata.

Manoma da ke cikin shinkafa suka hango mu, suka taho da gudu, laka har gwiwa. Da suka ga Inna Ige ce, wadda duk sun sani, babbansu ya ce kowa ya sa kafaɗa.

"Malam, shiga ka sa ta giya ta biyu, mu tura ta tashi."

"Ba a tura ta," in ji Ummaru.

"Mi kac ce?"

"Irin wagga ba ta tashi da turi. Sai an samu batir."

"Haba Malam, wace mota ce ba a turawa? Ko tifa mun tura a nan wurin. Shiga kawai."

Ni ma sai a ranar na san haka. Duk bayanin da ya yi mini ƙarƙashin dalbejiya, wannan bai taɓa shigowa ciki ba. Na dubi fuskarsa, na ga ya san abin da ya faɗa, kuma na ga ba zai iya sake faɗinsa ba. Ya shiga ya riƙe sitiyari. Suka tura da kabbara, suka fitar da ita daga ruwa, suka ci gaba da gudu da ita a kan burji suna ihu ya saki, ya saki. Ba abin da zai saki. Yana zaune hawaye na zuba masa, mutane suna haki a bayansa. Suka huta suka sake, har wani ya faɗi ya fasa gwiwa. Aka tura mai keke Argungu neman batir ko mota, aka tura wani ya ɗauro shanu a amalanke. Ba kasuwa ranar, ba motar da ta biyo. Inna ta buɗe ido ta ji hayaniyar.

"Kulu, mi ya faru?"

"Inna, mota ce ta ɗan tsaya, yanzu za ta tashi."

"Ki ce ma Ummaru ya bar wahal da mutane. Ki ba ni ruwa."

Na ba ta daga buta, ta amayar da shi. Rana ta take, ta fara karkata, sannan amalanken ya iso. Muka ɗora ta, na riƙe zane ina yi mata inuwa, Ummaru yana tafiya a ƙasa yana riƙe da ƙafarta, ba riga a jikinsa. Muna hango itatuwan Argungu na ji kanta ya yi nauyi a cinyata. Na daɗe ban faɗa masa ba. Shi ya lura da kansa, don ƙafar ta yi sanyi a hannunsa. Bai yi kuka ba, ya ce wa mai shanu ya tsaya, ya yi salati, ya rufe mata ido.

A nan motar Alhaji Manu ta iske mu, mai keken yana zaune a kujerar gaba. Ya fito ya ɗaga zanen ya dubi uwarsa, sannan ya juya ga ƙanensa a gaban manoman nan da suka biyo mu.

"Ka saida ƙasar ubanmu ka sayo akwatin gawar uwarmu. Ka huta."

Wannan maganar ita ce ta bi shi har kabari. Kafin a share makoki ta gama Gulma da Argungu, kowa ya ƙara mata nasa. Ummaru bai koma ɗauko motar ba, sai da rani wani ya ja ta da tarakta, ban san inda ta ƙare ba. Ya rufe garejin. Bai sake riƙe sitiyari ba, in tafiya ta kama shi sai ya shiga bayan babbar mota da buhuna. Makarantar ta neme shi ya dawo, ya je ya tsaya gaban ɗalibai, ya kasa buɗe baki, ya dawo gida. Shinkafata ce ta yi muku makaranta. Kowace Salla sai ya shirya ya tafi Argungu gaida wansa, Alhaji Manu ya amsa sallama ya ci gaba da magana da wasu, shi kuwa ya zauna gefen tabarma har la'asar ya dawo. Na sha ce masa ajali ne, na sha ce masa ko wace mota ce ruwan nan zai iya kashe ta. Amsarsa ba ta canzawa.

"Kowace mota ruwa na kashe ta, Kulu. Amma da sun tura ta tashi."

Haka ya rayu shekaru masu yawa, yana raguwa a gaban idona, har Allah ya karɓi abinsa. Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, aka ce mini Alhaji Manu yana zaure yana son magana da ni. Ya tsufa shi ma, yana dogara sanda. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Yana jan carbi ya fara magana, kuma bai dube ni ba.

"Kulu, ranar nan ɗan aiken ni ya fara iskewa. Motata tana ƙofar gida, da mai a cikinta. Ina da baƙi 'yan albasa daga kudu, muna tsakiyar ciniki. Na ɗauka ciwon ciki ne irin na damina. Nac ce mashi ya wuce wurin Ummaru, tunda shi ne mai babbar mota. Da na tashi a lokacin, da na kai ta asibiti tun kafin ruwan ya cika."

Na tambaye shi, Yaya, me ya hana ka gaya masa? Ya ce ya sha tasowa daga Argungu don haka, yana zuwa kan kwanar Badariya sai ya ce wa direba ya juya. Ya ce duk Sallar da Ummaru ya zo ya zauna gefen tabarma, ba fushi ne ke hana shi dubansa ba. Ya nemi in yafe masa. Na ce masa ni ba abin da ya yi mini, wanda ya yi wa mun binne shi shekaranjiya.

Ban faɗa wa kowa ba yana raye, yanzu shi ma ya tafi, Allah ya jiƙansu duka. 'Ya'yansa 'yan'uwanku ne, ba su san komai ba, kada wanda ya ɗauki wannan ya kai musu. Na rubuta ne don ku, don in an sake yin maganar mahaifinku a gabanku ku san abin da za ku riƙe a zuciya. Ya yi kuskuren karanta mutanensa, wannan gaskiya ne. Amma da aka ce uwarsa ba lafiya, shi ne ya tashi.